Tauraron ɗan adam na hango gona, amma bai san gero da dawa ba

Wata magana na ji a majalisa bayan la'asar, ta tsaya mini a wuya. Wani matashi ɗan unguwarmu, wanda ya karanci ilimin labarin ƙasa a jami'a, ya samu gurbin digiri na biyu a fannin nazarin gonaki da filaye ta hotunan tauraron ɗan adam. Ya zo ya durƙusa yana shaida wa kawunsa, baki har kunne. Kawun ya bari ya kai aya, sannan ya ce: "To ɗana, Allah ya sanya albarka. Amma mu da buhun taki ya gagara, wa zai biya ka ladan leƙen gonarsa daga sama? Da kwastan ka nema." Aka kwashe da dariya. Shi kuwa yaron sai yaƙe.

Ban ce uffan ba a wurin, don ba a gyara wa babba zance a gaban ɗansa. Amma ni ina bayan yaron. Cikin fannonin bincike na zamani, kaɗan ne ɗan manomi daga ƙasar Hausa zai shiga riƙe da abin da farfesan Amurka ko Turai ba shi da shi, kuma wannan na cikinsu. Hotunan kyauta ne, kowa na iya saukewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai kalli ɗigon kore a fuskar kwamfuta ya ce wannan gero ne da wake a ƙarƙashinsa, wancan kuwa ciyawa ce ta cinye gonar da masu ita suka gudu suka bari.

Sharaɗina ɗaya ne: sai in mai binciken zai taka ƙasa. In a ofis zai zauna yana shafa wa taswira launi, to kawu ya fi ni gaskiya.

Aikin a taƙaice

Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, ya kuma mayar da wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani. Na'urar da ke jikin tauraron tana auna duka biyun. In aka haɗa lissafinsu sai a samu ma'aunin da ake kira NDVI, mai nuna ƙarfin tsirrai a wuri. Ka jera ma'aunin gona ɗaya daga Mayu zuwa Nuwamba, za ka ga lokacin da shuka ta tsiro, da lokacin da ruwa ya ɗauke ta yi yaushi, da lokacin girbi. Ka jera na shekara talatin, za ka ga inda daji ya koma gona, inda gona ta koma fuloti, inda fadama ta ƙafe.

Asalin abin ke nan. Sauran lissafi ne da haƙuri.

"Ai ba mu da kayan aiki"

Wannan ce hujjar da aka fi saurin jefowa, kuma ita ce ta fi rauni. An kafa hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kuma na ƙarshen injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila lokacin da ake horar da su. Dukkansu sun wuce wa'adin da aka ɗibar musu. Shi ya sa wasu ke cewa a dakata tukuna sai an sayo sabo.

A dakata a jira me? Amurka na ɗaukar hoton doron ƙasa da taurarin Landsat tun 1972, kuma tun 2008 ta buɗe rumbun hotunan ga kowa. Tarayyar Turai ta fara harba Sentinel-2 a 2015. Yau duk bayan kwana biyar sai an bi ta kan gonarka, ko a Dambatta take ko a Tasawa, ba a karɓar ko kwabo. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce. Google Earth Engine na barin ɗalibi ya yi lissafinsa a manyan kwamfutocin kamfanin, ba sai ya jibga komai a tasa ba. Abin da ke gasa wa ɗalibinmu aya a hannu shi ne wutar lantarki da kuɗin data, kuma ban raina wannan wahala ba. Amma rashin caji daban, rashin tauraro daban.

Ƙasa na da dalilan tsaro da za su sa ta so mallakar nata tauraron, wannan wata magana ce. Ga noma kuwa, hotunan sama da shekara hamsin na kowane lungu na ƙasar nan suna nan jibge. Masu karanta su ne babu.

"Taki muke so, ba hoto ba"

Nan ne maganar kawu take da nauyi, kuma ba zan wuce ta da gudu ba. Manomin da ya rasa taki a watan Yuli, taswira ba za ta cika masa rumbu ba. Sai dai takin da gwamnati ke rabawa, da me ake auna shi? Wa ya san hekta nawa aka noma a ƙaramar hukumarku bara?

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi ƙidayar harkar noma a 2022. Wadda ta gabace ta, tsakanin 1993 da 1994 aka yi. Kusan shekara talatin ke nan ana tsara kasafin noma, ana rufe iyaka ana buɗewa saboda shinkafa, bisa ƙiyasi. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Zariya na fitar da rahoton damina duk shekara, kuma tana ƙoƙari, amma ta dogara ƙwarai da abin da hukumomin noma na jihohi suka ba ta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, a tsakar gida. Abincin mutum sama da miliyan 200 sai da mudu.

Ɗauki shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. An zuba masa sama da naira tiriliyan ɗaya, an gina dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, sannan aka koma ana jayayya kan nawa aka biya cikin bashin. Duk wanda ke karkara ya ji labarin manoman biro, masu gona a takarda kawai. Alhali shinkafa na cikin amfanin da ya fi sauƙin ganewa daga sama, saboda ruwan da ke kwanciya a kominta kafin kore ya rufe. Da an ɗauki lambar kusurwa huɗu ta kowace gona kafin a saki kuɗi, ɗalibi ɗaya mai kwamfuta zai iya gaya maka a ƙarshen damina wace gona aka dasa, wacce ce ba a ko kafta ba. Wataƙila shi ya sa wasu ba sa ƙaunar a auna.

Ga kuma kachala, doguwar ciyawar nan da ke mamaye ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka zuwa dausayin Haɗeja da Nguru ya canza. Kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe, tsuntsun jan-baki kuma ya samu makwanci yana fitowa yana cinye hatsi. Ana kashe kuɗi wajen yanke ta. In ba a bin ta da hoto wata-wata, ta yaya za a san inda ta fi toshewa, da kuma ko inda aka yanke bara ta dawo?

A arewacin Kenya, tun 2010 aka fara wa makiyayan Marsabit inshorar dabbobi da ta dogara da ma'aunin ciyawa daga tauraro. In ma'aunin ya faɗi ƙasa da wani mataki, a biya makiyayi, ba sai wani jami'i ya zo ƙirga mushe ba. Har nau'in takaful, wato inshorar Musulunci, aka yi wa Musulmin yankin Wajir. Ba abin da ya hana a yi irinsa a Yobe ko Sakkwato, illa sai an samu wanda ya gwada ma'aunin da ciyawarmu ya tabbatar yana faɗin gaskiya.

Wa ya auna hamadar?

A nan abin ya fi ci mini rai. Kusan duk bikin dashen itatuwa sai babban baƙo ya ce hamada na cinye mita 600 duk shekara a arewacin Nijeriya. Shekara da shekaru ana maimaita adadin nan, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko fari aka yi ko ambaliya. Ban taɓa jin wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ina zuwa ina aka ja igiyar awon?" ba.

Tsoron kansa tsoho ne. A 1935 wani Baturen gandun daji mai suna Stebbing ya yi gargaɗin cewa Sahara na gangarowa kudu tana barazana ga arewacin Nijeriya. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, ya zagaya yankin iyakar Nijeriya da Nijar tsakanin 1936 da 1937, bai ga hamadar da ke tattaki ba. A 1991 Compton Tucker na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da abokan aikinsa suka bi hotunan tauraro na 1980 zuwa 1990, suka nuna cewa bakin Sahara na matsowa kudu a shekarar fari kamar 1984, ya kuma ja da baya in ruwa ya dawo.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙasa na lalacewa. Wanda ya je Yusufari ya ga tudun rairayi a bakin gari, ko ya ga gonar da ta koma fako ko ciyawa ba ta fitarwa, ba ya buƙatar lacca. Amma lalacewar tabo-tabo ce, kowane wuri da sanadinsa: nan saran itace, can noma ba hutu ba taki, can kuma zaizayar ruwa. Maganin kowanne daban. In ka ɗauka wata katanga ce ta rairayi ke tahowa daga arewa, sai ka zuba kuɗinka a layin dashe ɗaya, ka bar ciwon a bayanka.

Abin da ya faru a Nijar ya isa darasi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, duniya ta sallama cewa itatuwan Maraɗi da Damagaram sun tafi ke nan. Sai Gray Tappan, masanin hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, tare da Chris Reij da masu bincike 'yan Nijar, suka ɗora hotunan jirgin sama na 1975 kusa da hotunan bayan shekara ta 2000. Suka tarar da akasin abin da ake faɗa. A ƙauyuka da dama itatuwa sun ninka, alhali mutane ma sun ƙaru. Ƙiyasinsu ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Hoto ya nuna itatuwan, amma bai faɗi wanda ya raine su ba. Sai da aka sauka aka tambayi manoma. Ba dashe ba ne. Sassabin zamani ne: maimakon a sassabe kowane toho a ƙone, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi daga kututturen gawo ko kalgo ko sabara, ya datse sauran, ya bar su su tashi. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona, manomi ya ga cewa itacen nasa ne, abin sai ya bazu gona-gona. Hausawa ne suka yi wannan aiki da hannunsu, cikin Hausa suke ba da labarinsa, amma sai da wani ya taso daga wata nahiya kafin duniya ta sani.

Ba yau aka fara ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana haɗa hotunan jirgin sama da zama da manoman kewayen Kano, ya nuna cewa inda jama'a suka fi cunkoso manoma na riƙe da itatuwan gonarsu, ba ƙarar da su suke yi ba. Haka Tafkin Chadi: gaskiya ne ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun 1980. Amma binciken baya-bayan nan ya nuna tun shekarun 1990 bai ci gaba da ƙafewa ba. Har gobe jawabin manya bai samu wannan labari ba.

Abin da tauraro ba ya gani

Hoton tauraro a yanke yake gida-gida, kamar gurbin dara. A Sentinel-2 gida ɗaya mita 10 ne tsawo, 10 faɗi, wato hekta ɗaya gida 100. A Landsat mita 30 ne, hekta ɗaya ba ta wuce gida 11 ba. Ga manomin Amurka mai ɗaruruwan hekta na masara zalla, wannan ya wadatar. Mu kuwa yawancin gonakinmu ba su kai hekta biyu ba, ga rabon gado na ƙara yayyanka su.

Shiga wata gona a ƙasar Kano cikin watan Agusta. Gero ya fitar da kai. Dawa na tsakaninsa tana jiran lokacinta. Wake ya fara yaɗo a ƙasa, ga 'yan kunyoyin gyaɗa a gefe, an ja iyaka da yakuwa, ga kuɓewar uwargida a kusurwa. A tsakiya ga gawo tsaye tsirara ba ganye, don shi da damina yake kaɗewa, sai rani ya yi kore shar. Duk wannan na iya faɗawa cikin gida biyar ko shida na hoton. Manhajar da aka koya wa gane gona da misalan Faransa ko Amurka, me za ta kira wannan? In ta dawo a Janairu ta tarar da ƙasa fayau, itace kuma kore, sai ta ƙara rikicewa.

Ga gajimare. Yuli da Agusta, lokacin da aka fi buƙatar ganin shuka, su ne lokacin da hadari ke rufe sama, a yi makonni ba hoto mai kyau. Da hunturu kuma ga hazo. Akwai tauraron Sentinel-1 mai aiki da na'urar radar, wanda ke ratsa gajimare, amma fassara abin da ya gani ta fi wuya, ta kuma fi buƙatar wanda ya san abin da ke ƙasa.

Ko aikin da aka fi yi wa kirari a fannin nan bai tsira daga hannun mutum ba. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da tawagarsa suka ba da sanarwar ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. Kwamfuta ce ta yi ƙirgar, amma sai da aka zauna aka zagaye kusan itatuwa 90,000 da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta koyi bambanta itace da inuwa.

To koya wa kwamfuta gonarmu fa, yaya ake yi? Sai ka fara da gaisuwa a ƙofar mai gari. Sannan ka tsaya tsakiyar gona da waya ko na'urar GPS, ka ɗauki lambar wurin, ka rubuta abin da aka shuka da ranar shuka. Ka tambaya ko binne aka yi kafin ruwa ya sauka, ko ruwan farko ya yaudari mai gona har ya sake shuka. Shi kuma zai dube ka sama da ƙasa ya ce, "Malam, gwamnati ce ta turo ka? Karɓewa za a yi?" In ba ka iya kwantar masa da hankali ba, ƙarya zai yi maka, kuma bai yi laifi ba. In ka tambayi abin da ya samu bara, da dami zai ba ka amsa, ba da tan ba, kuma damin wannan gari ba shi ne na wancan ba. Wanda bai san haka ba zai mayar da dami kilo da lamba ɗaya, ya buga a mujallar ƙasashen waje, wasu su ɗauka su gina a kai.

Kuma a nan 'yan mata ke da wata dama ta daban. Akwai gonaki da lambuna na mata, akwai lissafin abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita, wanda namiji baƙo ba zai taɓa jin sa daga zaure ba.

Laifin da ke gidanmu

Duk da haka, ba zan ɓoye abin da ke kunyata fannin a jami'o'inmu ba. Ka duba jerin kundayen digiri, take ɗaya ne ake canza masa sunan gari: sauyin amfani da ƙasa a ƙaramar hukuma kaza, daga shekara kaza zuwa shekara kaza. A sauke hoto uku, a raba shi launi biyar, a kammala da cewa gine-gine sun ƙaru, daji ya ragu. Sannan a rubuta cewa ingancin taswirar ya haura kashi 90 cikin 100, alhali takalmin mai binciken bai taɓa laka ba. An auna hoton ne da hoton.

Wa ya tambaya? Duk direban A-daidaita-sahu ya san Kano ta cinye gonakin Kumbotso da Ungogo. Tambayar da ke da mai ita ita ce: cikin fadamun da ke ciyar da birnin da kayan miya, wanne ya rage, hekta nawa ne, kuma wanne ne za a yanka fuloti nan da shekara biyar in ba a tsaya masa ba? Wannan amsa ce da kwamishina zai iya aiki da ita, ko a kama shi da ita in ya ƙi.

Ɗalibin ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Zuwa gona kuɗi ne, kuma daga aljihunsa. A wasu sassan Zamfara da Katsina da Borno kuwa, zuwa gona da na'ura a hannu sayar da rai ne. A irin waɗannan wurare ne ma hoton ya fi amfani, shi ya sa hukumomin agaji ke amfani da shi wajen gano gonakin da aka daina nomawa a garuruwan da ba a iya shiga. Amma wanda ke bincike a Bichi ko Ringim ba shi da wannan uzuri.

"In ya gama, ina aikin?"

Ba zan yi wa kowa romon baka ba. Albashin malamin jami'a bai taka kara ya karya ba, kuma yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Mai neman kuɗin gaggawa ya nemi wata hanya.

Amma ƙofofin sun fi yadda ake zato. Akwai cibiyar nazarin ƙasa daga sama ta NASRDA a Jos, da cibiyar koyar da aikin taswira ta AFRIGIST a Ile-Ife. Akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, da ofisoshin cibiyoyin binciken noma na duniya, IITA da ICRISAT, a Kano. Jihohi sun kafa hukumomin taswirar filaye irin su KADGIS da KANGIS. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma aikinsa na farfaɗo da ƙasa ba ya yiwuwa sai da awo. A Yamai ga cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana bin damina da ciyawa da fara a duk yankin Sahel. Wanda ya haɗa ilimin ƙididdiga da rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python a kan sanin gona, ba ya rasa mai nemansa. In ya ƙara da Faransanci, ya buɗe wa kansa rabin Afirka ta Yamma.

Za a ce ai in sun ƙware guduwa za su yi. Wasu za su tafi, babu shakka. Catherine Nakalembe 'yar Uganda ce, a Jami'ar Maryland ta Amurka take aiki, amma a kan gonakin yankin Karamoja na ƙasarta ta gina bincikenta, gwamnatin ƙasarta ta yi amfani da shi wajen kai ɗauki kafin fari ya yi ɓarna, har ta samu kyautar abinci ta Afirka a 2020. Inda tebur ɗin mutum yake bai dame ni ba kamar inda tambayarsa take.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne jingina da na wasu. Tun 1985 shirin FEWS NET na Amurka ke ba da gargaɗin yunwa ga ƙasashe irin namu. A farkon 2025, da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, shafinsa ya rufe na tsawon watanni. Rana ɗaya aka wayi gari babu. Ƙasar da ba ta da masu karanta damunarta, sai abin da aka ga dama aka gaya mata.

Taswira ba ta da uwa ba ta da uba

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta haifar da makiyayu da aka ce sun kai 415, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa rajista a hukumance. Tsofaffin hotuna na iya nuna inda burtali ya bi, da shekarar da aka fara cin gefensa, abin da zai rage rantse-rantse a gaban alƙali. Wannan alheri ne.

Amma hoton nan dai shi ne wani zai kalla ya ga fili ba kunya ba gini, ya rubuta "ƙasar da ba a amfani da ita". Alhali saura ce da aka bari ta huta, ko mashayar shanu ce da rani, ko inda mata ke samun itacen girki da ganyen miya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Launi ɗaya a taswira ya isa a miƙa wa wani kamfani abin da ƙauye uku ke rayuwa a kai. Mutanen Bakolori, inda aka gina madatsar ruwa a kan gonakinsu, sun ga abin da ke biyo baya in aka zana tsari a kan ƙasa ba tare da masu ita ba, an zubar da jini a 1980. Mai binciken da ya tashi a karkara ya fi kowa sanin cewa da wuya ka samu fili marar mai shi.

Abin da nake so jihohinmu su yi bai kai kuɗin tauraro ba. Malaman gona na nan a ƙarƙashin hukumomin noma na jihohi irin su KNARDA ta Kano da JARDA ta Jigawa, kusan kowannensu da waya a aljihu. A ba kowane ɗaya adadin gonakin da zai ziyarta sau uku a damina: bayan shuka, lokacin fitar kai, da lokacin girbi. Ya ɗauki lambar wuri, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ke ciki da sunan da manomi ke kiransa. A tara bayanan a wata jami'a, a cire sunayen masu gonaki, a buɗe wa kowane ɗalibi. Cikin 'yan damuna za a samu abin koya wa kwamfuta gero da maiwa da dawa da wake irin namu, wanda a yau ba a same shi da yawa a ko'ina ba. Man babur da kuɗin data zai ci, sai kuma tabbatar da cewa an je gonar da gaske, ba a gindin darbejiyar ofis aka cike fom ɗin ba. Wannan kuwa lambar GPS ɗin da kanta za ta tona.